Tambaya da Amsa: An ba ni lakwal, amma ba ni da wanda zan tambaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wani ƙauye kudu da Damagaram. Bana aka naɗa ni darakta bayan na yi shekara 6 ina riƙe da aji. Lakwal ɗinmu aji 6 ne, malamai mu 4, sauran ukun duk ƴan kwantaragi ne, aji 2 kuma rumfar zana ce. Ni ce darakta, ni ce kuma mai CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida. Tun da aka miƙo mini takarda ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake riƙon lakwal. Ina ji ana ta kiran abokan karatuna horo a birni, wasu har Yamai, ni kuwa shiru. An ce mini sai in na san manya. Baba, ta ina zan bi in san su, in samu in ƙaru, kada in tsufa wuri ɗaya?

Daga wata darakta

AMSA

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya taya ki riƙo, ya ba ki ladan yaran nan.

Neman ƙaruwa ba laifi ba ne, son manya su san da zamanki ma ba laifi ba ne. Sai dai ni da na yi aikin kwanseye, wato mai zagaya makarantu yana ba malamai shawara kan koyarwa, har na yi ritaya, na ga inda malami yake ƙaruwa, kuma ba a zauren otel ba ne. Horo na kwana 3 yana da amfaninsa. Amma sau da yawa mutum ya dawo da jaka da kaye sabo da ɗan kuɗin guzuri, ya shiga aji ranar Litinin ya ɗora daga inda ya tsaya, don ba wanda zai zauna a bayan ajinsa ya ce masa ga abin da ya gani. Mutanen da za su ƙara ki, yawancinsu suna inda mashin zai kai ki ki dawo kafin la'asar. Uku daga cikinsu ma a lakwal ɗinki suke.

Kin san CAPED, taron da malaman makarantun da ke kusa da juna suke yi don su koya wa juna aiki. Kin kuma san yadda yake mutuwa: a ce ba a turo kuɗin mota ba, a ɗage, a sake ɗagewa, har damina ta faɗi. To akwai ƙaraminsa na cikin gida, wanda ake kira mini-CAPED, kuma shi ba ya jiran kuɗin kowa. Ku huɗu ne, ga aji, ga allo. Ki tsai da rana ɗaya a wata, ko biyu in za ku iya, ɗayanku ya ba da darasi da yara na gaske, sauran su zauna a baya su kalla.

Ke za ki fara. Wannan kada ki yi wasa da shi. In kika ce wa ɗan kwantaragi gobe za mu shigo ajinka, ba zai yi barci ba, zai ɗauka tarko ne aka kafa masa. In kuwa ya ga darakta da kanta ta tsaya gaban yara, ta gama ta juyo ta ce ku gaya mini abin da kuka gani, to ran da zagayen ya zo kansa ba zai ƙi ba.

Me ake kallo? Bari in gaya miki wani darasi da na taɓa zama a bayansa, a ajin CP, wato aji biyu, na rumfar zana. Yara sun cika tabarmi har bakin ƙofa. Malamin yana lissafin ka da ƙananan alluna, irin wanda ake bugun tebur sau ɗaya a rubuta, a sake bugawa a ɗaga. Ya ce 7 a tara da 5. Ya buga, aka ɗaga, ya dubi sahun gaba ya ga 12, 12, 12, ya ce madalla, ya wuce. Ni da nake baya ina ganin abin da ba ya gani. Wata yarinya ta ɗaga allonta fari fat. Biyu suna kwafar na maƙwabci. Wani yaro ba shi da alli, da yatsa da miyau yake rubutu, kafin ya ɗaga ya bushe. Malamin ba rago ba ne, ya shirya darasinsa tsaf, fish ɗinsa, wato takardar shirin darasi, ba abin da za ka gyara. Daga inda yake tsaye ne kawai ba a ganin sahun baya. Da aka tashi muka zauna ƙarƙashin bedi, abokin aikinsa mai CI, wato aji ɗaya, ya ce masa, ai ni nakan shiga tsakiyarsu ne kafin in buga, kuma duk mako nakan juya sahu, na baya su dawo gaba. Ya kuma nuna masa ɗaurin karan gero da ya yanyanka, goma-goma, an ɗaure da roba, wanda yaransa suke ƙirga da shi. Shekara biyu suna koyarwa rumfa da rumfa, zana ɗaya ce tsakaninsu, amma ɗaya bai taɓa leƙa ajin ɗaya ba.

Irin wannan nake so ki riƙa kallo. Yara nawa suka buɗe baki a darasin? Mata nawa a cikinsu? Minti nawa malam ya yi ya ba aji baya yana rubutu? In an gama, mai darasin ne zai fara magana, ya faɗi yadda ya ga kansa. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau, sai ku tsaya kan abu ɗaya tak da za a gyara kafin zama na gaba. In kuka lissafa masa laifi goma ba zai gyara ko ɗaya ba. Abin da aka faɗa a wurin kuma ya tsaya a wurin. Ranar da malamanki suka ji maganar zaman nan ta kai ofishin sufeto, ranar ce zaman ya mutu.

Ki yi hattara da maganar Faransanci. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kuma mafi yawansu ba su kai matsakaicin maki ba. Har yau ciwon nan bai warke a zukatan mutane da yawa ba. Da dama an ɗauke su ne ba su bi ta makarantar horar da malamai ba, aka miƙa musu alli aka ce ga aji. In kika ga kuskure a allo, kada ki gyara gaban yara, kada kuma ki gyara gaban abokan aiki. Ki bari sai kuna duba fish ku biyu. Amma kada tausayi ya sa ki yi shiru, don binciken PASEC na 2014, wanda ke auna karatun ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna yaran Nijar da suke gama firamare da karatun da ya kamata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. An ɗan samu ci gaba a na 2019, amma duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan CM2 littafi ya ce karanta mini, ya san da sauran aiki.

Sai maganar ke kanki, wa zai koya miki darakta? Ki bincika a makarantun da ke kewaye da ke, ba za ki rasa wani tsohon darakta ko tsohuwar darakta da kowa ya shaida lakwal ɗinsa a tsare take ba. Ki je takanas ki gaishe shi. Kada ki ce masa ba ni shawara, zai cika ki da wa'azi. Ki ce, Baba, ina so in ga rajistar ɗalibanka, in ga yadda kake cike rahoton buɗe makaranta, in ga yadda kake raba lokaci ga malamin da ke riƙe da aji biyu. Gani ya kori ji. A zama ɗaya za ki koyi abin da za ki yi shekara kina lalube. Tunda ke mace ce, kuma kin san bakin mutanenmu, ki je da rana, maigidanki ya sani, ki tafi da wata malama ko da shugabar ƙungiyar uwayen ɗalibai. Daga baya ki gayyace shi ya zo naki lakwal ɗin. Daga nan ne ake fara aron littafin jagora, a raba kwalin alli, a haɗu a shirya jarrabawar gwaji ɗaya ga ƴan CM2 na makarantu 3 ko 4, kowa ya gyara takardun ɗaliban wani. In kuka kai nan, CAPED ɗinku zai farfaɗo ko an turo kuɗi ko ba a turo ba.

Kada ki raina CGDES, kwamitin iyaye da malamai mai kula da tafiyar da lakwal, wanda har yanzu mutane suka fi kira COGES. Tsarin zaɓen shugabanninsa a asirce, da zaman gari gaba ɗaya a tsara aikin shekara, a jahar Tawa aka fara gwada shi a 2004 da taimakon Japan, sannan ya iso nan Damagaram kafin ya game ƙasa. Inda aka bar shi ya zama na mutum biyu da hatimi, ba ya tsinana komai. Inda aka kira gari aka baje musu sakamakon ƴaƴansu, aka ce ga yara kaza a CE2, wato aji huɗu, da ba su san baƙaƙe ba, za ki ga mutane sun kawo kara da gumagumai, wani ya ɗauki nauyin fitila don karatun dare. Ki sa maganar rumfunanki biyu a gaba. Ba mu manta da yaran da gobara ta cinye a ajujuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ba. Kafin a samu gini, a buɗe wa kowace rumfa ƙofa biyu, a raba ta da ƴar uwarta, a hana masu tuya hura wuta kusa. Kwamitocin kowace ƙaramar hukuma kuma suna da tarayyarsu, kuma a taronta ne za ki zauna inuwa ɗaya da shugabannin gari da sufeto da sauran daraktoci. Ki je da takarda a hannu, da lissafi, ki yi magana gajeriya.

Yanzu ga manyan da kike tambaya. Sufeto da kwanseye suna da makarantu barkatai a wuyansu, man mashin ma ba kullum yake isa ba. Suna tuna mutum iri biyu: wanda rahotonsa ke zuwa kan lokaci ba ƙarya a ciki, da wanda ya kira su da tambaya takamaimai. Ki kira kwanseyenki ki ce, mun gwada yaranmu ɗaya bayan ɗaya, mun raba su gida-gida, masu baƙi, masu gaɓa, masu kalma, masu jimla, muna so ka zo ka ga ko mun yi daidai. Na rantse miki kiran da kwanseye yake jira kenan. Ran da aka ce masa kawo sunaye biyar na waɗanda za a tura horo, ba sai kin tuna masa ba. Amma zabi da kwaryar ƙwai, ƴata, ki bar su a gida. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa kullum sai ya sake biya, kuma malamansa suna kallo.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki ki ɗauka da muhimmanci, shi ne rubutun Hausa. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin mulkin ƙasa da aka kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk da haka malamai nawa ne a cikinmu za su rubuta shafi ɗaya na Hausa ba su ɓata ƙa'ida ba, su san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, su bambanta ɗ da d, ƙ da k? A ganina malamin da ya iya wannan, ya kuma iya koya wa ɗan CI karatu da shi, nemansa za a riƙa yi. Ki nemi littattafan harsunan gida na INDRAP, cibiyar ƙasa mai shirya littattafan koyarwa. In kin shigo birni ki biya makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad ki gaida malamanta, ki tambaye su.

Matakalar aiki kuwa a bayyane take. Akwai jarrabawowin ƙwarewar koyarwa, CEAP da CAP, daga nan mai son zama kwanseye ko sufeto ya shiga gasar shiga ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Ki karɓi sanarwar kowace shekara a ofishin sufeto ki karanta sharuɗɗan da idonki, kada ki dogara da an ce. Ki samu mutum biyu ko uku masu niyya irin taki, ku riƙa ba juna batu kuna rubutawa, kuna gyara wa juna. Hutun damina wata uku ne, ya isa a yi karatu mai yawa.

TAMBAYA

Malam, an sa ni a rukunin WhatsApp na malamai har guda 5, amma ban da gaisuwar Juma'a da jita-jitar albashi ba abin da nake samu. In fita?

Daga wani malami a Zango, Damagaram

AMSA

Ɗana, ka bar guda ɗaya wanda sanarwar ofis ke zuwa ta cikinsa, da na ƙungiyar ƙwadago in kana ciki. Sauran ka yi sallama cikin ladabi ka fita. Sannan ka nemi malamai 6 ko 7 masu riƙe da aji irin naka, ku buɗe naku. Duk mako mutum ɗaya ya ɗauki hoton fish ɗinsa ko allonsa ya tura, sauran su yi masa gyara da murya, tunda ba kowa ke son dogon rubutu ba. Hoton fuskar yara da sunayensu kada su shiga. Ku kuma sa ranar haɗuwa ido da ido, ko sau ɗaya ne kafin kowane hutu, a lakwal ɗin ɗayanku, da yara a aji.