Waƙar Amurka, bugun Japan

Ka ce ka jefa faifan CD na mawaƙi Marvin Gaye ɗin nan cikin tarin jabu, wai don tambarin kamfanin waƙa na Motown na Amurka ne amma a jikinsa an rubuta Made in Japan, kana tambaya ko ka yi daidai. To maza ɗauko shi, ka riƙe shi ta baki, kada ka dangwala masa yatsa a ciki. Ba jabu ba ne, yaro. Ina jin duk dilar gwanjon nan da muka kwance babu faifan da ya girme shi.

Jawo benci ka zauna. Lokacin da faifan CD ya fito a 1982, duk faɗin Amurka babu masana'antar da ke buga shi ko guda. Philips na Holan da Sony na Japan ne suka haɗa kai suka ƙirƙiro shi, don haka injinan farko a wajensu suke. Kamfanin faifai na PolyGram ya fara bugawa a Langenhagen, kusa da Hanover a Jamus ta Yamma, cikin watan Agusta na shekarar. A Japan kuma CBS/Sony na bugawa a Shizuoka, ga kuma irin su JVC da Denon da Sanyo. Sai a watan Satumba na 1984 aka buɗe ta farko a Amurka, a garin Terre Haute na jihar Indiana, ita ma da hannun Sony a ciki. Kuma guda ɗaya ina za ta kai? Ka san yadda ake yi idan injin niƙa ɗaya ne a gari: hatsin naka ne, amma dole ka ɗauka ka kai unguwar mai inji ka bi layi. Haka Motown da Atlantic da sauransu suka riƙa aika sautinsu ƙetare, a buga a can, a dawo musu da faifan. Sau da yawa takardar bangon a Amurka aka buga ta, faifan kuma daga Japan ko Jamus. Shi ya sa za ka ga takarda na faɗin ƙasa ɗaya, faifai na faɗin wata, kuma babu mai ƙarya a cikinsu.

Saboda layin ya yi tsawo, kamfanonin ba su yi gaggawar fitar da tsofaffin kundayen soul, wato salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda zai ci kasuwa suka fara turawa. Motown ya fara da tattara fitattun waƙoƙin kowane mawaƙi a jerin da ya kira Compact Command Performances, wajen 1986 kuma ya shiga cusa kundi biyu a faifai ɗaya. Kundayen Aretha Franklin da Otis Redding na shekarun 1960, da yawansu sai farkon shekarun 1990 suka samu fitowa yadda ya kamata, lokacin Amurka ta cika da injinanta. To ka ga, faifan soul mai bugun Japan ko Jamus ta Yamma ba kullum yake faɗowa hannu ba.

Yanzu juya shi, ka kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ka ga zoben nan mai ƙyalli da ya kewaye hudar tsakiya? Nan ne faifai ke faɗin gaskiyarsa. Takarda kowa na iya sauya ta, gidan robar ma haka, amma rubutun zoben nan tare da faifan aka zubo shi. Ƙananan haruffa da lambobi ne, wani lokaci har da sunan masana'antar. Akwai gilashin ƙara girma a aljihun tebur, don wannan aikin na saye shi, ba don ka riƙa ƙona takarda da shi a rana ba.

Bugun PolyGram na farko yana da wata alama da ko daga nesa za ka gane: azurfar ta malale har bakin hudar, babu farar robar nan da ake gani a tsakiyar sauran. In ka ga an rubuta West Germany ko W. Germany, ka san kafin haɗewar Jamus ne a watan Oktoba na 1990, ko jim kaɗan bayanta, don ba rana ɗaya aka daina amfani da tsohon rubutun ba. In kuma fuskar faifan na da launi biyu da wasu layuka kamar abin auna bindiga, na gidan Warner ne, wato su Atlantic da Elektra, na shekarun farko. Masu tara faifai suna ce masa target, kuma in suka gan shi ba sa yawan taya ciniki. Wannan kada ka sayar sai ina nan.

Abu ɗaya da zai hutar da kai: nemi haruffan IFPI a zoben ko a robar tsakiya, da 'yar lamba a gefensu. A 1994 aka shigo da wannan tsarin don a riƙa gane injin da ya buga kowane faifai. Duk wanda ke ɗauke da shi, ko da an rubuta 1984 a bayan takardarsa, bugun baya ne. Shekarar da ke takarda ta haƙƙin mallaka ce, ba ranar bugu ba. Ni kaina na sha wannan a hannun wani dillali ina sabon shiga, na biya kuɗin tsoho na kwaso sabo, kwali guda.

Za ka ji masu saye suna rantsuwa bugun Japan ya fi daɗin sauti. Kada ka yi musu da mai kuɗi a hannu, amma ni ga abin da na sani. Injin bugu ba ya ƙara wa waƙa gishiri. Abin da aka ba shi, shi yake fitarwa. Maganar tana wurin tef ɗin da aka kwaso sautin da kuma hannun wanda ya daidaita shi. Wasu na farkon daga kwafin kwafi aka ɗauko su, za ka ji shuuu a ƙasa. Wasu kuwa sun fi na baya nesa ba kusa ba, don na bayan an matse sautinsu an cika masa ƙara har ganga da murya sun zama tsayi ɗaya. Kunnena ya fi son tsofaffin Motown ɗin nan duk da shuuu ɗinsu, amma wannan ra'ayina ne, ba na saka shi a farashi.

Akwai kuma wanda za ka ga ya fara yin ja kamar tagulla daga baki. Bugun masana'antar PDO ne da ke Blackburn a Ingila, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, fentin da aka rufe su da shi ne bai riƙe ba. Waƙoƙin ƙarshe ne ke fara lalacewa, tunda faifai daga tsakiya yake karantowa zuwa baki. In ka samu irinsa, saka waƙar ƙarshe ka saurara kafin ka yi masa kuɗi.

Jabun da kake tsoro kuwa, mafi yawansa ƙonawa aka yi a kwamfuta: bayansa kore-kore ko shuɗi-shuɗi, hoton bangon ya dushe. Je ka kwaso tarin da ka ware ɗin nan mu sake bi ɗaya bayan ɗaya, ka taho da gilashin.