Amsa ga mai son shiga tuƙin tirela

Ƙanena da ka ce ka gama sakandare a nan Jos, kana tambayar ta ina ake shiga tuƙin tirela, kuma ko akwai samu a ciki: samu akwai, amma ajiye zancen kuɗi tukuna, ka fara neman direban da za ka bi. A wannan sana'a duk abin da ka zama, a hannun ubangidanka ka ɗauko shi.

Kusan dukanmu da yaron mota muka fara. Kai ne wanki, kai ne ɗaure tamfol, kai ne ka diro da gudu ka sa wa taya waigi idan mota ta tsaya a kan hawa, kai ne kwana a ƙarƙashinta a Tafa ko Lakwaja kana gadin batir da gas. Wani direban sai ka shekara biyar bai ba ka sitiyari ko a fili ba, aike kawai da zagi. Wani kuwa tun da wuri zai fara ba ka ribas a gareji, ya sa ka saurari injin. Kafin ka bi mutum, tambayi bakanikensa da mai facinsa, sun fi kowa sanin halinsa. Idan aka ce maka sai ya sha ƙwaya yake iya tuƙin dare, rabu da shi, ko nawa yake bayarwa.

Ka ga Hawan Kibo, nan ake gane wanda aka koyar. Idan ka taso daga Jos da lodi za ka gangara wajen Akwanga, tun a sama ake sa ƙaramin giya, a bar injin ya riƙe mota. Wanda ya dogara da birki zai yi ta dannawa har ya ɗau zafi, ka ji ƙauri yana shigowa ta taga, iska ta ragu a tanki, daga nan sai addu'a. Ba a koyon wannan a takarda.

Lasisi kuwa, na tirela aji G ne, ta hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da gwajin lafiya da na ido. Yi shi ta hanyar gaskiya, don manyan kamfanoni suna tantancewa.

Maganar samu ta danganta da inda ka faɗa. Kamfanin siminti, irin masu lodi daga Obajana, albashi ne da alawus na tafiya, amma gas a ƙididdige yake, kuma na'ura na nuna musu duk inda ka tsaya. Motar mutum ɗaya kuma albashin ba yawa, abin yana cikin kuɗin hanya da lodin dawowa. Ka ɗauki tumatir daga Farin Gada ko dankali daga Bokkos zuwa Mile 12 a Legas, kaya ne da ba sa jira, dillali na ta bugo waya, ga shingaye a hanya kowa da hannu a miƙe. In ka dawo wayam, tafiyar ta cinye kanta, shi ya sa zama lafiya da 'yan kamasho ya zama dole. Masu tanka nasu tsarin daban ne, suna ƙarƙashin PTD, ƙungiyar direbobin tankar mai, wadda reshe ce ta NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas, kuma da wuya su ba sabon hannu mota.

Sai ka shirya wa rashin gida. Mako biyu ko uku a hanya ba labari ba ne, taron suna da biki da yawa za su wuce ka. In kana da niyyar aure nan kusa, gaya wa yarinyar wannan tun yanzu.