Dole ne in ƙara wa mai kitso wani abu bayan na biya kuɗin aikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan Gusau, ina da yara uku. Duk bayan sati biyu nake zuwa shago a yi min tsifa da wankin kai da kitso, in biya naira 2,000. Kwanan baya mun je tare da wata ƙawata, da aka gama sai na ga ta ƙara wa yarinyar 500. A hanya ta ce min ai yanzu haka wayayyu suke yi, wadda ba ta bayarwa kallon marowaciya ake mata. Tun daga ranar, in na miƙa kuɗina cif sai kunya ta kama ni. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, ga adashi, ga anko biyu da ke gabana. Maigidana ya ce almubazzaranci ne. Shin dole ne? In ba dole ba ne, nawa ya dace, kuma wa zan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba dole ba ne. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta, kuma wadda take gaya miki ta daɗe da kibiya a hannu, ta yi kitso a zaure, ta yi a shago, ta yaye 'yan mata da dama a sana'ar. Abin da yake haƙƙi a wuyanki shi ne kuɗin da kuka yi ciniki a kai, ki ba da shi cikakke, a ranar. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa ya yi a ba ma'aikaci ladarsa tun guminsa bai bushe ba. In kin yi wannan kin fita, kuma babu mai kitson kirki da za ta bi ki da harara.

Abin da ƙawarki ta kira wayewa, a Amurka ya fi ƙarfi, kuma can yana da dalilinsa. Dokar tarayyarsu ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun irin wannan ƙarin dala 2.13 kacal a awa, tun daga 1991 ba a taɓa wannan adadin ba, sauran ana sa ran kwastomomi ne za su cike. Shi ya sa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ya zama musu tamkar wajibi a gidan abinci da wurin gyaran gashi. A Japan kuwa ba a san al'adar ba ma. Mu namu tsarin daban ne, kuma mun rigaya mun san kyautatawa tun kafin waya ta kawo mana ta wasu. Muna da tukuici, wanda ake ba ɗan aiken da ya kawo kyauta, har ake cewa yaba kyauta tukuici. Muna da kuɗin goro. Muna da gyara, wadda ita daga mai sayarwa take fitowa. A ƙauyukanmu wanzamin gida yana aske yara duk shekara, da kaka a kai masa dami, ran suna ya tashi da nama da goro. Duk waɗannan ihisani ne da zumunci ya haifa, babu wanda ya taɓa yanka musu kaso.

To amma kada in bar ki a nan, don akwai abin da nake so ki gani a cikin shagon da kike zama. Naira 2,000 da kika miƙa ba aljihun yarinyar da ta riƙe kanki take shiga ba. Akwai hayar shago, akwai shamfu da man kitso, akwai ruwan da ake saye wurin 'yan garuwa, akwai fetur na janareta in za a busar da kai babu wuta. Kin san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, alhali kuɗin kitso bai ninka haka ba, don in muka ƙara da yawa mata sai su koma kitson gida. Abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin mai shago da ƙwararriyar da ta yi kitson. 'Yar koyo kuwa, wadda ta tsefe miki kai, ta wanke, ta taje, ta share gashin da ya zuba, a shaguna da yawa ba ta da albashi ko kaɗan, sai ɗan kuɗin abinci in an samu ciniki.

Ina tuna wata yarinya da ta zo min koyo, iyayenta sun baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga, suka raɓa a wani kango a bayan gari. Ran jajibirin Salla mun fara aiki da hantsi, ba mu miƙe ba sai da aka kira assalatu. Da na duba hannunta, 'yan yatsun sun kumbura, ba ta iya dunƙule su, sai da na jiƙa mata su a ruwan ɗumi. Wata baiwar Allah da aka yi wa 'ya'yanta mata uku kalaba ta naɗe naira 300 ta cusa mata a tafin hannu, ba wanda ya gani sai ni. Da wannan kuɗin yarinyar ta hau mashin ta koma gida maimakon ta taka da ƙafa cikin duhu. Idan har za ki ba da wani abu, irin wannan hannun nake so ya shiga.

Saboda haka amsar "wa zan ba" ita ce wadda ta sha wahalar kanki. Mai shago ta riga ta sa ribarta a cikin farashi. Ki ba yarinyar tsaba a hannu, a asirce. Kada ki haɗa shi cikin tiransfa zuwa asusun shago, don sau da yawa ba ya isa gare ta, in ma ya isa sai mai POS ya cire nasa kafin ta karɓa. Kuma ba sai kuɗi ba. Atamfar da kika daina ɗaurawa, kwanon shinkafa, abincin Salla, duk suna shiga rai. Mai kitson gida da ke zaunar da ke a tabarma ta ɗora kanki a cinyarta, musamman bazawara ko mai marayu, ita ma ta cancanci a tuna da ita, don yawanci kuɗin da take karɓa bai kai rabin na shago ba.

Nawa? Babu ƙa'ida. Ranar da aikin ya yi tsawo, kamar ƙananan kitso da ke cin awa huɗu, ko kin zo a makare an jira ki, ko yarinyarki ta yi ta kuka ana lallashi, 200 ko 300 ta wadatar in kina da ita. Ranar shuku na minti arba'in, "sannu da aiki, Allah ya yi albarka" ta isa.

Yanzu ga lissafin aljihunki, wanda shi ne ainihin damuwar. In kika bi ƙawarki, 500 duk sati biyu, zuwa 26 ke nan a shekara, naira 13,000. Ga mai albashin makarantar kuɗi, inda da yawa ba sa kaiwa ko mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wannan kuɗi ne. Manzon Allah (SAW) ya ce a fara da waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mutum. Cefane, maganin yara, kuɗin makaranta, zubin adashin da kika ɗauki alkawari, duk suna gaban tukuici. Kyautar da za ki yi don kunyar ido, ki dawo gida ki ci bashin omo, ba ta da daɗi gare ki, kuma mai karɓa ma in ta sani ba za ta so ba.

Sai dai ban yarda da maigidanki ba da ya kira shi almubazzaranci. A cikin wasiƙarki, Malama, wurin da kuɗi ke zurarewa shi ne anko biyun nan. Ki haɗa kuɗin yadi ɗaya da ɗinki da gudunmawa da lallen biki, za ki ga sun haɗiye tukuicin shekara guda sun nemi ƙari. Wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya: mace ta shigo shago da leshi mai tsada a jaka za ta kai wa tela, an gama mata kitso tas, sannan ta tsaya tana neman a rage mata naira 200, ko ta ce "zan aiko", aiken da ba ya zuwa. Mu a sana'ar nan rashin ƙari bai taɓa hana mu barci ba. Bashi ne ke karya mai kitso, da ciniki bayan an gama aiki, da wadda za ta ce tana zuwa ƙarfe 10 ta iso bayan azahar an sallami wasu dominta.

Da ni ce ke, zan zaɓi ɗaya daga cikin ankon nan, na wadda ta fi kusa, ɗayan in je da kayan da nake da su. Kitson kuma a riƙa yin wanda zai kai sati uku, a ɗaure shi da ɗankwali mai santsi lokacin kwanciya, tsifa da wankin kai ki yi abinki a gida ki je da kanki a taje, shaguna da yawa suna rage kuɗi a kan haka. Daga abin da ya ragu ki ware naira 1,000 ki ajiye. In azumi ya kai ashirin, kafin cunkoson Salla ya fara, ki je a yi miki kitsonki a tsanake, ki kira yarinyar da ta saba wanke miki kai gefe ki ba ta, ki ce ta sayi takalmin Salla.