Amsa: Me ya sa ba a yi wa Fadar Culross filastar siminti?

Malam, ka ce ka ga hoton ginin nan mai ruwan ɗorawa a ƙauyen Culross na Sikotilan, kana mamakin yadda ake ta wahalar shafa masa farar ƙasa alhali siminti da fentin mai sun fi ƙarko. To ai simintin ne zai kashe shi.

Gidan attajiri ne, Sir George Bruce, ba na sarki ba. Ya gina ɓangaren yamma a 1597, ya ƙara na arewa a 1611, shekarun na nan a sassaƙe a saman tagogi. Kwal da gishiri yake fitarwa ta gaɓar Firth of Forth, inda kogin Forth ke shiga teku, jiragen kuma su dawo da jan tayil na rufi daga Holan da katako daga ƙasashen tekun Baltik. Tun 1932 gidan yana hannun National Trust for Scotland, ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta Sikotilan, kuma doka ta kare shi, ba a sauya masa kama sai da izinin hukuma.

Bangon dutsen yashi ne, an ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa. Irin wannan dutse yana shan ruwa, iskar teku kuma tana kawo masa gishiri. Yaɓen farar ƙasa yakan jiƙe ya bushe, danshin ya fita ta fuskarsa, gishirin ya taru a jikin yaɓen, shi ya lalace dutsen ya tsira. Da ma aikinsa ke nan. Siminti kuwa ya fi dutsen tauri, ba ya bin motsin gini, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutsen ya riƙa marmashewa a ɓoye. Duk wanda ya ga ginin ƙasa da aka lulluɓe da siminti, filastar ta ɓamɓaro da rabin bango, ya san zancen. A nan abin ya fi muni, don danshin zai bi kan katakon ciki, ga kuma zanen ƙarni na 17 a jikin silin da bango, wanda in ya ruɓe ba a mayar da shi.

Yadda magina ke yin yaɓen: awo 1 na farar ƙasa, awo 2 da rabi zuwa 3 na yashi mai kaifi. A kankare ruɓaɓɓen kwaɓi, a cike ramuka, a jiƙa bango. Shafin ƙarshe da ƴar tsakuwa a ciki, kuma watsa shi ake yi da cokali, ba a lailaye shi, don kaushin nan na sa ruwa saurin bushewa. Kada kaurin kowane shafi ya wuce kamar santimita 1. Farar ƙasa a hankali take kamawa, da iska, shi ya sa ake rufe aikin da jiƙaƙƙen algarara na kwanaki. In ya bushe da wuri, gari zai zama. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, a haƙura da aikin.

Launin kuma jar ƙasa ce mai ɗorawa-ɗorawa a cikin tsinkakken ruwan farar ƙasa. Shafi 4 ko 5 marasa kauri, a bar kwana guda tsakani. Mai gaggawa yakan dama da kauri ya shafa sau biyu, kafin shekara ya fara ɓarewa.

Amma a ganina an fi yin sakaci da rufi. Gefen bangon da ka gani kamar matakala, inda ya haɗu da tayil, nan ruwa ya fi samun kafa. Tayil ɗaya ya goce ko indararo ya toshe, to yaɓen da ke ƙarƙashinsa ba zai daɗe ba komai kyansa. Don haka kafin a taɓa bango, rufi ake fara hawa a duba.