Amsa: Duba matsalar haɗiyar Baba ta kiran bidiyo

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce tun bayan shanyewar ɓarin jiki yake shaƙewa da ruwa, asibiti kuma da nisa, kana tambaya ko likita zai iya duba shi ta kiran bidiyo. E, ana iya dubawar farko ta bidiyo, amma sai da ma'aikacin lafiya a kusa da shi. A zaunar da shi bayansa a miƙe, wayar na nuna wuyansa, a ba shi ruwa cokali ɗaya, likita na kallon motsin maƙogwaro, yana sauraron tari ko muryar da ke fita kamar da ruwa a maƙogwaro.

Inda gizo ke saƙar, wasu marasa lafiya abinci na zarce musu huhu ba ko tari. Gano wannan sai da hoton haɗiya, wato hoton cikin maƙogwaro da ake ɗauka yayin da mutum ke haɗiya, a babban asibiti. Kada a ɗura masa komai a kwance. In zazzaɓi ko sarƙewar numfashi ya biyo, ku kai shi asibiti a ranar.