Ta ci kuɗin adashina, ta tuba a gaban ikkilisiya, amma na kasa yafe mata

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ki taimake ni da shawara, don abin nan ya hana ni barci, kuma a majami'armu duk wanda na gaya wa sai ya ce taurin zuciya ne ke damuna.

Ina zaune a Sabon Gari nan Kano, iyayena mutanen wajen Sumaila ne. Ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina bi gida-gida ina sayarwa, mijina kuma direba ne. A Zumuntar Mata muna da adashi, mu 12, kowace tana zuba naira 20,000 a wata. Uwar adashin dattijuwa ce mai faɗa a ji a cikinmu. Ita ta zauna da ni a jegona na fari, saboda mahaifiyata ta riga ta rasu, shi ya sa uwa na ɗauke ta.

Da gangan na zaɓi kwasar ƙarshe, don ta zo daidai da lokacin biyan kuɗin makarantar babbar 'yata. Yarinyar ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Da kwasata ta zo, sai matar nan ta ce in yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Mako ya wuce, ta daina ɗaukar wayata, sai muka ji wai ta tafi ƙauye jinyar 'yar'uwarta. Ashe mu uku ne ba mu kwasa ba. Na shiga neman rance ko'ina, kafin in haɗa kuɗin an rufe rajista. Haka 'yata ta zauna a gida, ƙawayenta suka tafi suka bar ta.

Bana matar ta dawo. Wata Lahadi ta miƙe a gaban ikkilisiya tana kuka, ta ce Shaiɗan ne ya rinjaye ta, tana neman gafarar Allah da ta duk wanda ta ɓata wa rai. Ba ta ambaci adashi ba, ba ta ambaci kuɗi ba. Fasto ya yi mata addu'a, ya ce tun da ta tuba magana ta ƙare, wanda ya ƙi yafewa shi ma ba za a yafe masa ba. Mata suka yi ta rungumar ta. Har yau ba ta tako ƙofar gidana ba, ko kwabo ba ta ba ni ba. Amma kwanan nan ta aurar da 'yarta, an fitar da anko, an jera kayan ɗaki na gani na faɗa.

Gwaggo, na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu. In ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, bakina mutuwa yake yi. Ranar da na ji ba ta da lafiya sai na ji wani sanyi a raina, abin ya ba ni tsoro ƙwarai. Maigida ya ce ko mu kai ta wurin 'yan sanda, ko mu sauya majami'a mu huta. Shin in na nemi kuɗina ban yafe ba ke nan? Kuma ta yaya zan yafe wa wadda ba ta ma ce mini ta yi mini laifi ba?

Maman yara, Sabon Gari, Kano

*

'Yata,

Sannu. An cuce ki, kuma wadda ta cuce ki ta san cikinki da bayanki, ta san abin da kike tara kuɗin nan dominsa. Na fara da wannan ne saboda a duk labarinki ban ji inda wani ya tsaya ya faɗa miki haka ba. Jama'a sun rungumi mai laifi sun watse, aka bar ki da yarinya a ɗaki. Idan maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba.

An cakuɗa miki abu biyu wuri ɗaya. Akwai tuba, wannan nauyinta ne. Akwai gafara, wannan naki ne. Kowacce a cikinku Allah zai tambaye ta nata.

Mu fara da tubanta. Zuciyarta Allah ne ya sani, ba kuma zan ce hawayenta na ƙarya ne ba. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba game da yadda tuban mai cin dukiyar mutane yake. A Luka sura 19, Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya miƙe a gaban Yesu ya ce zai ba matalauta rabin abin da ya mallaka, wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. A nan ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Tun a Littafin Firistoci sura 6 an yi maganar irin naki sak: mutumin da aka ba shi ajiya ya ci amana, dole ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan ya kawo hadayarsa ga Ubangiji. Kwasarki naira 240,000 ce, kin ga da a wancan zamani ne sai ta ɗora miki 48,000. Ba cewa nake ki nemi ƙarin ba. So nake ki ga yadda Allah ya ɗauki haƙƙin wanda aka cuta da nauyi. Yesu da kansa, a Matiyu 5:23-24, ya ce in ka kawo baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ita ta fara da bagade ta tsallake ƙofar gidanki. Tubanta bai cika ba, saura rabi.

Fastonku bai yi ƙarya ba. Maganar cewa wanda ya ƙi gafartawa ba za a gafarta masa ba tana nan a Matiyu 6:14-15, ba mai iya goge ta. Amma ya tsaya a tsakiyar hanya. Surar da Yesu ya gaya wa Bitrus ya yafe har bakwai sau saba'in, wato Matiyu 18, ita ce dai surar da ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka nuna masa laifinsa. A Luka 17:3 ma tsawatarwa ce ta zo kafin gafara. Wannan hali na gaggawar rufe magana yana damuna a majami'unmu. Mu da muke zaune a Kano mun saba da cewa mu 'yan kaɗan ne, kada a ji kanmu a waje, kada a yi mana dariya. Sai a danne mai ƙaramin ƙarfi da sunan zaman lafiya, mai baki kuma ya koma kujerar gaba. Hakan ba ya taimakon ko ita mai laifin, don an sa ta ɗauka ta gama da Allah alhali haƙƙin mata uku yana wuyanta.

To, yanzu naki, kuma a nan ba zan lallashe ki ba. A Markus 11:25 Yesu ya ce in kun tsaya yin addu'a, kuna da wata magana game da wani, ku yafe. Bai ce sai in mutumin ya zo ya durƙusa ba. Shi kansa yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ba wanda ya ba shi haƙuri a cikinsu. Gafarar da ake nema a wurinki ita ce ki sauke hannunki daga ramuwa, ki bar wa Allah hukunci kamar yadda Bulus ya faɗa a Romawa 12:19, ki daina yi mata fatan sharri. Sanyin nan da kika ji a ranki ranar da aka ce ba ta da lafiya, shi ne wurin da ke ma kike bukatar tuba. Tsoron da kika ji kuwa alheri ne, yana nuna zuciyarki ba ta ƙeƙashe ba. Ki kai wa Ubangiji shi da sunansa, kada ki yi masa kwaskwarima.

Ki sake karanta misalin bawan nan a ƙarshen Matiyu 18. Sarki ya yafe masa talanti 10,000, bashin da ko zai shekara dubu yana aiki ba zai biya ba. Ya fita ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, saboda haka dinari 100 guminsa ne na fiye da wata uku. Yesu bai ce bashin ba komai ba ne. Ya ajiye shi ne kusa da wanda aka yafe mana, domin mu ga inda muka tsaya. Ni da ke mun ci bashin da ba za mu iya biya ba, jinin Almasihu ne ya biya. Daga nan ƙarfin yafewa yake fitowa, ba daga kirkin mai laifi ba.

Kada ki jira sai ranki ya yi fari tukuna. Ki yanke shawara a gaban Allah cewa kin sake ta, gobe in ɗacin ya taso ki sake faɗa, jibi ma haka. Ki riƙa ambaton sunanta a addu'a, ko da farko iyakar abin da bakinki zai iya shi ne Allah ya ba ta tuba na gaskiya. Zai yi nauyi, amma yana raguwa.

Yafewa kuma ba ta tilasta miki ki sake amince mata. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi, har ya ɓuya ya yi kuka saboda su, amma bai bayyana musu kansa ba sai da ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin Biliyaminu. Amana sai an ga sauyi take dawowa. Kada ki ƙara zuba adashi a hannunta, kuma ki faɗa wa shugabar zumunta a fili cewa bai kamata a sake ba ta riƙon kuɗin kowa ba.

Amsar tambayarki ke nan: neman kuɗinki ba rashin yafewa ba ne. Ki bi matakan da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18:15-17. Ki je gidanta ke kaɗai, a ranar da ba ta sujada ba, ki gaishe ta da ladabin da ake gaida babba. Ki ce mata, "Mama, na ji tubanki, ba na riƙe ki da mugunta. Amma kuɗina suna hannunki, kuma saboda su 'yata ta rasa makaranta. Yaya za mu yi?" Ki buɗe mata ƙofar biya kaɗan-kaɗan, ko 10,000 ne a wata. Kada ki ta da zancen bikin 'yarta, zai mai da maganar faɗa, kuma sau da yawa dangi ne ke haɗa kayan ɗaki. In ta ƙi ji, ki koma da sauran matan biyu da wata dattijuwa da kowa ke ganin girmanta. In abin ya faskara, ku kai wa fasto da dattawan ikkilisiya a rubuce, duk abin da aka yanke a sa hannu. Ki kiyaye bakinki a tsakani, kada maganar ta shiga zauren WhatsApp na zumunta.

Ki roƙi maigida ya dakata da zancen 'yan sanda. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a kan kai juna ƙara a waje, amma a wannan wuri, 1 Korintiyawa sura 6, ya tambaye su ko ba mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya sasanta 'yan'uwa. Kin ga nauyin yana kan dattawanku. Ku ba su dama ta gaskiya. In suka kau da kai bayan kun bi duk matakan nan, ba zan ga laifinku ba in kun nemi haƙƙinku a gaban alƙali. In kuwa kika tarar da gaske ba ta da shi, ta kuma amsa laifinta, kina iya yafe mata wani kashi ko duka. Wannan kyauta ce babba a gaban Allah, amma ke za ki bayar da hannunki, ba wanda ya isa ya ƙwace ta daga kan mumbari. Sauya majami'a kuwa ba zai raba ki da ɗacin ba, tare za ku tafi.

Ki koma teburin Ubangiji. Abin da 1 Korintiyawa 11:28 ta ce shi ne mutum ya gwada kansa sa'an nan ya ci, ba ta ce ya gudu ba. Wadda take kokawa da zuciyarta tana roƙon ikon yafewa, ita ce mai bukatar gurasar nan da ƙoƙon nan.

Kada kuma ki manta da 'yarki, don ita ta fi kowa asara, kuma tana kallon yadda ikkilisiya ta yi da uwarta. Ki zauna da ita ki ji abin da ke ranta, ki gaya mata matakin da za ki ɗauka. In an fara sayar da fom na bana ta sake nema, duk abin da matar nan ta fara biya a ajiye shi a asusun banki da sunan yarinyar.

Gwaggo