Amsa: Me ya sa gidajen caca na ɓoye ba sa mutuwa a Damagaram?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake tarwatsa dandalin caca yau, gobe ya sake tsirowa a wata unguwa. Dalilin shi ne waɗanda 'yan sanda ke tararwa kan tabarma da karta a hannu ba su ne masu harkar ba. A Nijar hukumar caca ta ƙasa, wato LONANI, ita ce doka ta ba ikon gudanar da caca, amma waɗannan gidaje suna hannun gungun mutane ne da suka raba aiki tsakaninsu: wani ya ba da ɗaki, wani yaro ya tsaya gadi a bakin lungu, uban gidan kuwa ba ya ko leƙowa, kasonsa kawai ake kai masa daga kowane zubi.

Ribarsu mafi tsoka, a ganina, tana cikin bashi. Idan aka cinye ɗan kabu-kabu, nan take za a ranta masa jaka goma da ruwa mai nauyi, a riƙe wayarsa ko takardun babur ɗinsa jingina, in ya kasa biya a turo masa ƙarti har ƙofar gida. Shi kuma ba zai kai ƙara ba, domin ya san laifin ya haɗa da shi.